Bang Kasem da Kujera Mai Kallon Baya

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Bang Kasem, wato Yaya Kasem a yarenmu, a rumfar shayin bakin gadar da jiragen ruwa ke tsayawa, ya san hannunsa na dama ba ya zama lafiya. Yana shan shayi da hagu, na daman na kan gwiwa, yana ɗan turawa gaba yana ja baya. Totur yake ja, ko da yake babu jirgi a ƙarƙashinsa sai benci. Matarsa Ropiya ta ce ko a jana'iza haka yake yi, har takan ji kunyar zama inda za a ce ga mijinta can. Da wannan hannu ya ci abinci, da shi ya yi suna a tsibirinmu na Yao a kudancin Thailand, da shi kuma ya jawo wa kansa abin kunyar da har yau bai gama haɗiyewa ba.

A jirgin katakon ubansa ya tashi, irin wanda ake ɗaura wa injin tsohuwar mota a baya. Ubansa masunci ne mai sanyin rai, wanda zai yini yana jiran kaguwa ta shiga tarko bai ce uffan ba. Kasem bai gaji ko ɗigon wannan sanyi ba. Yana ɗan saurayi ya kwance injin tsohon a ɓoye ya ƙara masa wuta, washegari tsoho ya taɓa totur ya tsinci kansa a cikin kwandon kaguwa, ƙafafu a sama. An zane Kasem yadda ya kamata, amma ko yana kuka sai da ya tambaya ko jirgin ya yi gudu.

Da baƙi 'yan yawon buɗe ido suka fara cika Phuket, aka shigo da jirage masu gudu na kai su tsibirai, Kasem ya tsallaka ya nemi aiki. A can ya koyi abin da ya zama sana'arsa. Tuƙi a buɗaɗɗen teku ba a sitiyari yake ba, a totur yake. In raƙumin ruwa ya taso, sai ka sassauta kafin ka kai ƙololuwarsa, jirgi ya sauka a hankali, ka sake dannawa kafin na gaba ya iso. Haka za ka yi ta yi, sassauta danna, sassauta danna, har ka kai. Mai hannun kirki baƙinsa kan sauka da abincinsu a ciki, mai mugun hannu kuwa sai an wanke jirgi da sabulu. Ba a taɓa wanke jirgin Kasem don wannan ba, kuma bai bar kowa ya manta da haka ba.

Da la'asar kuma, in an dawo daga tsibirai, sai ayaba a nan bakin gadarmu. Doguwar roba ce mai ruwan ɗorawa da ake hura wa iska, baƙi su hau su jeru, jirgi ya ja su. Al'adar wurin ita ce ba a mayar da su gaɓa a bushe. In an zo daidai bakin gada, 'yan kallo kan ɗauki ihu, “Watsar! Watsar da su!” Matuƙi ya murɗa sitiyari har ƙarshe ya danna totur, ayaba ta kife, Turawa su zube cikin ruwa suna dariya. Shi kuwa matuƙi ya ɗaga hannu ɗaya sama ga mutanen gada, ya yi kwana a hankali ya dawo ya tsince su. Matuƙa da yawa sun yi wannan juyi a tsibirin nan, amma har maƙiyan Kasem sun yarda babu mai yin sa kamarsa.

Sai da furfura ta fara leƙo masa kafin ya mallaki jirgin kansa. Fari ne da jan zane a gefe, ƙirjinsa siriri mai kaifi don yanka raƙuman ruwa, da manyan injuna biyu a baya. Ya sa mata suna Walƙiya. Yakan wanke ta kafin ya wanke jikinsa. Ropiya ta ce da jirgin na cin shinkafa, to shi za a fara zuba wa a gidan.

'Ya'yansa maza biyu ba su ɗauko shi ba. Ɗaya na tatsar bishiyar roba, ɗaya na gyaran waya a Bangkok, kuma duk su biyun in suka hau Walƙiya sai sun riƙe ƙarfe. Autar, Suhaila, ita ce ta fito da jinin ruwa. Da ta gama makaranta ta samu aiki a ƙetaren ruwa wajen Kawu Prasit, wani dattijo mai wurin koyar da zamiyar ruwa a wani lungu bayan dajin bakin teku, inda ruwa ke kwance kamar a kwano. Wankin rigunan ceto aka ɗauke ta, amma ba a daɗe ba ta hau allo. Wasan ba shi da wuyar ganewa. Mutum na tsaye a kan siririn allo ɗaya, riƙe da sandar da ke ƙarshen igiya. Jirgi ya miƙe ɗoɗar ta tsakiya, shi kuwa ya yanka dama ya yanka hagu yana kewaye ƙwallayen roba shida da aka dasa a gefe da gefe. Duk yankan da zai yi sai ya haye ruwan da jirgin ya tayar a bayansa.

A rumfar shayi Kasem ya ishi kowa da zancen 'yarsa. Da wasu suka fara gunagunin 'ya mace a bayan jirgi, shi ya tsaya ya ce jikinta a rufe yake tun daga kai har idon sawu, kuma duk mai magana ya zo ya same shi. Sai dai bai taɓa tsallakawa ya kalle ta ba, ko sau ɗaya. Jirgin Kawu Prasit ne ba ya iya haɗa ido da shi: ɗan ƙarami, shimfiɗaɗɗen gindi, inji a tsakiyar ciki, yana tafiya da murya ɗaya kamar mai karatun allo. Kasem ya raɗa masa suna Baho, sunan kuwa ya bi shi har ƙetaren.

Wata rana Suhaila ta dawo gida baki har kunne. Wata Malama Wanpen, mai horar da 'yan matan wasan a Bangkok, za ta zo hutu tsibirinmu da iyalinta, kuma Kawu Prasit ya roƙe ta ta ba da safiya ɗaya ta kalli Suhaila. Gurbi ɗaya ya rage a sansaninta. In yarinyar ta burge ta, gurbin nata ne, har da makaranta. In ba ta burge ta ba, akwai wasu a layi. Za a yi abin a lungun da ke gefen gada, inda ruwa ke lafawa da hantsi. Kawu Prasit zai zo ana gobe ya dasa ƙwallaye, washegari ya tsallako da Baho.

Labari ya riga Kasem isa rumfar shayi. Maza na zaune ƙarƙashin kejin tsuntsayensu, ana yagar gurasar roti ana tsomawa a miya.

“Bang, mun ji abin arziki,” in ji Yamin, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda bakinsa ba shi da birki. “An ce da baho za a ja 'yar gidan Walƙiya a gaban gari. Ko dai injinka ya fara tari ne?”

“Tarin gidanku,” in ji Kasem.

“To ni dai abin da kunnena ya jiye min ke nan. Ka ɗaure dawakai a bakin gada suna cin hutu, ka bar tsoho ya ja maka 'ya da keken ɗinki. Kai, duniya!”

Rumfa ta kwashe da dariya, har mai shayi ya zubar a gefen kofi. Kasem ya ji zafi ya hau masa kunne.

“Wa ya ce muku baho zai zo? Ni zan ja 'yata da hannuna. Ku fito da matanku ku ga yadda ake yi.”

Da yamma, ana cin shinkafa da soyayyen kifi, ya sanar a gida. Suhaila ta ajiye cokali.

“Baba, kada a ɓata maka mai. Walƙiya akwai shan mai.”

“Mai ɗin banza a kan 'yata?”

“Kuma ranar ai kana da baƙin da za ka kai tsibirai.”

“Na bar wa Yamin su, ya je ya sa su amai.”

Ta juya kifin da ke gabanta. “Baba, ruwan bayan Walƙiya yana da tsayi sosai.”

“Ke ma ai kin yi tsayi,” in ji shi, ya yi dariyarsa shi kaɗai.

A wajenmu ba a ce wa babba a'a a fuskarsa. Ana kewayawa ne, a kawo zancen mai, a kawo zancen hadari, a yi murmushi, mai hankali ya gane ya janye ba tare da an zubar masa da girma ba. Kasem ya iya wannan yare sarai, da shi ya girma. Da Suhaila ta tashi wanke kwanuka, Ropiya ta matso kusa.

“Bang, yarinyar nan a'a take ce maka tun da aka zuba abinci.”

“Ban ji ba.”

“Ka ji mana. Kurumcin gangan ne.”

Ya tashi ya tafi duba jirgi. Suhaila kuwa ta kwantar da ranta da abu ɗaya. In Baho ya iso da safe, Malama da kanta za ta zaɓe shi, ba sai 'ya ta ƙi ubanta a gaban mutane ba. Kasem ma ya hango wannan. Don haka da Kawu Prasit ya gama dasa ƙwallaye ya koma ƙetare, Kasem ya kira shi a waya daga cikin Walƙiya.

“Kawu, gobe ka huta. Ni zan ja ta.”

Dattijon ya ce, “Kasem, jirginka na teku ne, kuma babu kamarsa a teku. Amma a gudun da yarinyar ke so, gindinsa zai nutse, hancinsa ya tashi, ya bar mata tudun ruwa a baya. In ka ƙara wuta don ya kwanta, ka wuce gudunta. Aikin nan ba ƙarfi yake so ba. Gudu ɗaya yake so tun daga farko har ƙarshe, hannu a daskare. Kai kuwa hannunka ba ya daskarewa.”

“Tun kafin a haife ta nake tuƙi, Kawu.”

“Na sani. Suhaila ce ta ce kada in zo?”

Kasem ya dubi injunansa biyu suna sheƙi. “Ita ta ce.”

“To. In ita ta ce, ba na shiga tsakanin uba da 'yarsa.”

Da hantsi gada ta cika. Mata da lema, maza da kofin shayi a hannu, Yamin ya ƙi kai baƙin tsibirai ya tura wani don kada a ba shi labari. Suhaila na tsaye cikin baƙaƙen kayanta na ruwa, rungume da allo, idonta a kan bakin lungun.

“Baba, Kawu bai iso ba.”

“Ya kira. Injinsa ya ƙi tashi.”

Ƙarya ta biyu ta fi ta farko saurin fita, kuma shi kansa ya lura da haka. Malama Wanpen ta iso, gajeriyar mace da rana ta ƙona, da hular hana sallah a kanta. Ta tsaya ta dubi Walƙiya tun daga hanci har injuna.

“Jirgi mai kyau,” in ji ta.

“Mun gode, Malama.”

“Na teku ne, ko?”

“Ko'ina yana shiga.”

Ta yi murmushi irin namu, ta dubi Suhaila, Suhaila ta sunkuyar da kai. Ita ma Malama ba za ta kunyata dattijo a gaban garinsu ba. Ta ce safiyar nan kaɗai gare ta, ta faɗa masa gudun da zai riƙe, ta roƙe shi kada ya ƙara kada ya rage. A wasan nan dole a samu wanda zai zauna a jirgi yana kallon baya, don ya gaya wa matuƙi halin da mai zamiya ke ciki. Walƙiya ba ta da irin wannan kujera, sai Ropiya ta juya akwatin ƙanƙara ta zauna a kai. Aka ɗaura igiya a inda ake ɗaura ta ayaba.

A jan farko, Kasem ya rantse ɗan taɓawa kawai ya yi. Injuna suka yi ruri, sanda ta fizge daga hannun Suhaila, ta kifa da fuska a ruwa tun ba ta miƙe ba. Gada ta yi dariya. Ya zagayo ya miƙa mata igiya.

“Ki riƙe da ƙarfi mana.”

“To, Baba.”

A ja na biyu ta miƙe. Nan take abin da dattijo ya faɗa ya fara faruwa ɗaya bayan ɗaya. Hancin Walƙiya ya ɗaga sama har Kasem ba ya ganin gabansa, sai da ya miƙe tsaye a kan yatsu. Ya ƙara wuta don jirgi ya kwanta, Ropiya ta yi ihu, “Rage! Ka yi gudu!” Ya rage, hanci ya sake tashi, ruwa ya tudu a baya har kusan ƙugun mutum. Wani jirgin masunta ya wuce can nesa ya turo 'yan ƙananan raƙuma, waɗanda ko kwanon shayi ba za su kifar ba, amma hannun Kasem ya gan su ya yi abin da ya saba: sassauta danna, sassauta danna. Kowace sassautawa igiya ta saki, kowace dannawa ta fizgi yarinyar a kafaɗu.

Duk da haka ta kewaye ƙwallo na farko, ta haye tudun ruwan nan gwiwoyinta na dukan ƙirjinta, ta kewaye na biyu, ta ci gaba. Na ƙarshe ne kawai ya kuɓuce mata. Wannan duk daga bakin Ropiya Kasem ya ji, don shi bai ga ko ɗaya ba. Rabin idonsa na kan hancin jirgi, rabi na kan gada, inda yake neman fuskar Yamin.

Layin ƙwallayen ya ƙare daidai bakin gada, a wurin da yake kifar da ayaba shekara da shekaru. Yamin, don iya shege, ya kewaye baki da hannu ya ƙwala, “Watsar, Bang!” Samari suka amsa, “Watsar! Watsar da ita!” Wasa suke yi, kowa ya san wasa ne. Ba zan ce Kasem ya yi niyya ba. Ya rantse bai yi ba, kuma na yarda da shi. Amma wuri ne da hannunsa ya sani, ihu ne da kunnensa ya sani. Ya murɗa sitiyari har ƙarshe, ya danna totur.

Baƙin ayaba kan faɗo ne daga kan roba mai laushi, kusa da jirgi, su taso suna tofar da ruwan gishiri. Wanda ke ƙarshen doguwar igiya kuwa, in jirgi ya yi irin wannan juyi, wurgi ake yi da shi kamar dutse a majajjawa. Suhaila ta daki tudun ruwan a kaikaice, allo ya tafi gefe, ita ta yi ta wulkitawa a kan ruwa kafin ta nutse ta taso. Kasem bai waiwaya ba. Ya ɗaga hannu ɗaya sama ga mutanen gada, haƙora a waje, yana jiran tafi.

Ba a tafa ba. Abin da ya sauka a bayansa takalmin Ropiya ne.

“Sauke hannun nan, Kasem! Sauke shi, ka juya!”

Tun da suka yi aure ba ta taɓa kiran sunansa tsirara ba sai ranar. Mai zamiya in ya faɗi kan ɗaga hannu don a san lafiya yake. Suhaila na yawo a kan ruwa cikin rigar ceto, fuska a sama, hannuwa duka a ƙasa. Da suka jawo ta cikin jirgi, kafaɗarta ta dama ta goce ta sauko inda ba wurinta ba. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce kawai shi ne, “Allona, Baba, kada ruwa ya tafi da shi.”

Shi ya kai ta asibiti a Phuket, a cikin Walƙiya. Iska ta taso a hanya, teku ya ɓaci, kuma Ropiya ta ce ba ta taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba. Ya bi raƙuman nan ɗaya bayan ɗaya, bai bari ko ɗaya ya girgiza kafaɗar ba. Wannan bai rage masa komai ba, kuma ba wanda ya yaba masa.

Washegari Kawu Prasit ya zo asibiti da ledar lemo. Suhaila na kishingiɗe, hannu a ɗaure a ƙirji, Kasem na tsaye jikin bango.

“Kawu, injin ya tashi kuwa?” in ji ta.

Dattijon ya tsaya da ledar a hannu. Ya dubi yarinyar, ya juya ya dubi Kasem, ya daɗe yana dubansa.

“Ya tashi, 'yata,” in ji shi. “Daga baya ya tashi.”

Suhaila ba yarinya ba ce. Ta dubi Kawu, ta dubi ubanta, ta mayar da idonta kan bargo. Kasem ya so ƙasa ta tsage ya shige. Mutumin da ya yi shekaru yana yi wa jirginsa ba'a ne ya yi ƙarya don ya rufa masa asiri, kuma asirin bai rufu ba. Ya ce zai je ya duba ko an ɗaure Walƙiya da kyau, ya fita ya zauna a matakalar asibiti har aka kira la'asar.

Malama Wanpen ta koma Bangkok ta ɗauki wata. Kafin ta tafi ta tare Ropiya a bakin gada, ta ce yarinyar da ta yi abin da ta gani a bayan irin wancan jirgi, da a bayan jirgin da ya dace ne, da a ranar za ta tafi da ita. Amma kafaɗa sai ta ɗauki watanni, gurbi kuwa ba zai jira ba. Ropiya ta kawo wa mijinta maganar yadda take, ba ta rage mata gishiri ba.

A rumfar shayi babu wanda ya ƙara ambaton ranar, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Yamin, da bakinsa bai taɓa hutawa ba, sai ya riƙa tura masa roti yana zancen kukan tsuntsaye. Wani ya ɗauki abin a waya, Kasem ya gani sau ɗaya bisa kuskure a hannun wani matuƙi: ga shi tsaye, hannu a sama, baki a buɗe, can bayansa wani baƙin abu na yawo a ruwa. Ya daina jan ayaba. Kai baƙi tsibirai kam bai daina ba, don gida sai an ci.

Bai iya ba da haƙuri ba, don ba a koya wa ubanni irinsa ba. Sai ya riƙa cire mata ƙayar kifi kamar tana ƙarama, ya sayo mata sabon allo da bai san ko ya dace ba, ya riƙa tsayawa a ƙofar ɗakinta yana tambayar abin da bai shafe shi ba. Ita kuwa kullum, “Na gode, Baba,” cikin ladabi, da murmushi. Da ta zage shi da ya fi samun sauƙi.

Damina ta wuce, kafaɗa ta warke iyakar warkewarta, Suhaila ta koma aiki wajen Kawu Prasit. Wata safiya ta tsaya a kansa yana wanke Walƙiya.

“Baba, mai yi wa Kawu kallon baya ya tafi garinsu biki. Za ka zo?”

Ya ajiye soso tun ba ta rufe baki ba. A lungun Kawu ruwa na kwance luf. Baho na jira a bakin 'yar gada, kuma kusa da kusa ya fi ƙanƙanta ma fiye da yadda Kasem ke faɗa. Kawu Prasit na can yana warware igiya. Kasem ya sauka cikin jirgin, ƙafarsa da kanta ta nufi wajen sitiyari, hannunsa har ya kai kan totur.

“A'a, Baba.”

Ya juyo. Tana tsaye a gada da allo a hammata, tana dubansa ido cikin ido. Ba ta kawo zancen mai ba, ba ta yi murmushi ba.

“A'a. Ba nan ba. Can za ka zauna.”

Kujera ce ƙarama a gefen matuƙi, ta juya wa hancin jirgi baya. Kasem ya cire hannunsa daga totur, ya je ya zauna. Kawu Prasit ya shigo ya tayar da inji.

Baho ya ja a hankali, Suhaila ta taso daga ruwa kamar an ɗaga ta da hannu biyu. Ruwan bayan jirgin bai fi ninkin tabarma ba. Ta kwanta a gefe ta yanka, ta saki hannu ɗaya ta kewaye ƙwallo, ruwa ya tashi a bayanta fari fat ya fi ta tsayi, ta dawo ta gifta ta bayan jirgi da saurin da ido ke wahalar bi. Kasem ya buɗe baki. Shekarun nan duka yana cika wa mutane kunne da zancenta, ashe bai san abin da yake faɗa ba.

Sai ya ga ɗayan abin. A ƙwallayen da take kewayewa riƙe da sanda a hannun hagu, jikinta kan miƙe har ta kusa taɓa ruwa. A waɗanda dole hannun dama ya riƙe shi kaɗai kuwa, sai ta ɗan ƙanƙame, ta tanƙwara gwiwar hannu, ta juyo da wuri kamar mai tsoron a fizge ta. Ba kowa zai lura ba, amma shi ya lura.

“Me kake gani?” in ji Kawu Prasit, idonsa a gaba. “Aikinka ke nan, ka faɗa min.”

“Tana tsaye,” in ji Kasem. “Amma tana tsoron damanta.”

“Da can damar ce ƙarfinta.”

Kasem ya ji wani abu na motsi a kan gwiwarsa. Ya duba, hannun nan ne, yana turawa gaba yana ja baya. Ya ɗaga cinya ya tura shi ƙarƙashi, ya danne da nauyinsa duka.

Da aka gama ta hawo jirgi tana haki, ta zauna tana murza kafaɗar da hannun hagu.

“Ka gani, Baba?”

“Na gani.”

“Duka?”

“Duka,” in ji shi, bai iya ɗaga kai ba.

Ta miƙa masa igiyar ya naɗe. Mai kallon bayan Kawu ya dawo daga biki tuntuni, amma duk safiyar da Kasem ba shi da baƙi, yakan ɗaure Walƙiya a bakin lungun, nesa yadda ruwanta ba zai ɓata na ciki ba, ya ƙarasa da ƙafa. Ba wanda ya taɓa ce masa ya karɓi sitiyari, shi ma bai tambaya ba. Yana zama a kujerar nan a kan hannunsa na dama, yana kallon 'yarsa tana juyowa da wuri a kowane ƙwallon dama.